Zanzaron Ɗakina Da Cokalin Hajiya

 Hausawa suka ce gani ya kori ji, to amma da yake ba kowa ne zai iya takowa har Hayin Banki a nan Kaduna ya leƙa ɗakina ba, shi ya sa na ɗauki biro don in ba ku labarin wata 'yar na'ura da ta ja maƙwabta suka laƙaba mini suna Injiniya, alhali kuwa ni tela ce, ɗinkin mata da na yara nake yi a cikin gidan aurena. Wasu sun ce wai injin buga kuɗi na ajiye, wasu kuma sun ce kayan wasan yara ne na ɓarnatar da dukiya a kai. To yau dai ga zancen daga bakin mai ita.

Masu abin suna kiran ta firinta 3D. Firintar da muka sani a shagunan buga takardu rubutu take shimfiɗawa a kan takarda. Ita kuwa wannan abu mai jiki take fitarwa, mai tsawo da faɗi da kauri, wanda za ki ɗauka ki jujjuya a hannunki, kamar maɓalli ko murfi ko mariƙin ƙofa. A wajen ƙanena na fara ganin ta, lokacin yana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, shi da abokansa sun yi karo-karo sun sayi guda don aikinsu na ƙarshen karatu. Na zauna ina kallon ta tana ta kai-komo, har ya ce, "Yaya, ke fa kika ce sauri kike yi." Wallahi sai da aka kira magariba sannan na iya tashi.

Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Da kwasar adashena ta zo, maimakon in nufi kasuwa in sayo sarƙa da 'yan kunne kamar yadda ƙawayena suka yi, sai na samu maigida bayan ya ci abinci ya natsu, na gaya masa abin da nake so. Ya daɗe yana kallona, can ya ce, "Kuɗinki ne uwargida, ba zan hana ki ba. Amma ki sani idan ta zama kwandon ajiye ƙura, dariya zan yi miki har jikokinmu su ji labari." Na ce na yarda. Ƙanena ya yi mini odar ƙarama ƙirar ƙasar Sin, ta zo a kwali gunduwa-gunduwa, muka wuni muna ɗaure kusoshi.

Surukata Hajiya, wadda muke zaune gida ɗaya, ba ta ce uffan ba sai ranar da ta ga na'urar tana aiki. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa, ta ce, "Yo wannan ai zanzaro ne. 'Yar nan, kin rasa abin saye da kuɗinki sai zanzaro?" Muka yi dariya, amma ni na san har cikin ranta ba ta ji daɗi ba, don ita mace ce mai tattali, wadda ko zaren buhu ba ta yarwa.

Sai dai kuma duk bayanin da ƙanena ya yi ta yi mini da Turanci bai kai wannan suna na Hajiya dacewa ba. Kun san yadda zanzaro ke ɗauko laka kaɗan-kaɗan yana ɗorawa har ya gina ɗakinsa a jikin bango. To haka take yi. Abincinta wani zaren roba ne mai kamar taliya, kaurinsa milimita 1.75, a naɗe a jikin babban kwarkwaro mai nauyin kilo 1, kuma idan aka warware shi ya haura mita 300. Tana jan zaren nan zuwa wani ɗan tsinin baki mai zafin digiri 200 ko sama da haka kaɗan, wanda ƙofarsa ba ta kai rabin milimita ba. Robar ta narke ta fito siririya, bakin ya yi ta zagaye yana zana ta a kan faranti mai ɗumi. Idan ya gama sahu ɗaya sai ya ɗaga sama kaɗan ya ɗora wani, sahu biyar ne ke yin milimita guda. A haka a haka, abin da kika zana ya tashi tsaye a gabanki. Robar da na fi amfani da ita ana ce mata PLA, kuma abin mamaki daga masara ko rake ake samo ta.

Kada ku ɗauka sabon abu ne. Tun a 1986 wani Ba'amurke mai suna Chuck Hull ya samu rajistar mallakar fasahar gina abu sahu-sahu. Irin tawa kuwa mai narka zare, wani ne mai suna Scott Crump ya ƙirƙiro ta, kuma ku ji mafarin abin: kwaɗon wasa ya so yi wa ƙaramar 'yarsa da bindigar narka gam, daga nan dabarar ta zo masa, har ya kafa kamfani a 1989. Shekara da shekaru sai manyan masana'antu ke iya sayen ta. A 2005 wani malamin Jami'ar Bath a Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin ƙera irin wadda kowa zai iya haɗawa a gida, ya kuma saki zanenta kyauta. Da wa'adin rajistar Crump ya ƙare a 2009 sai kamfanoni suka yi ca a kai, farashi ya yi ta faɗuwa har ya sauko inda adashen tela zai iya kaiwa. Mu ma nan Afirka ta Yamma ba a bar mu a baya ba, don a 2013 wani matashi a birnin Lome na ƙasar Togo, Afate Gnikou, ya haɗa tasa da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da aka zubar a bola.

To ita na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka zana mata. A nan ne aikin yake. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Tinkercad, wadda aka yi ta don masu koyo har da yara 'yan makaranta. A cikinta za ki tarar da siffofi kamar akwati da ƙwallo da gwangwani, ki ja wannan ki haɗa da wancan, ki ce wannan rami ne ya huda wancan, ki rubuta awon kowanne. Idan kin gama sai ki kai zanen wata manhajar, ni Cura nake amfani da ita, ta yanyanka shi sahu-sahu kamar yankan albasa, ta kuma gaya miki awa nawa zai ɗauka da giram nawa na roba zai ci. Sai ki sa a ɗan katin ajiya irin na waya ki zura wa na'urar.

Da farko na tsorata da kwamfutar, amma ban yi sati biyu ba na gane ashe sana'ata ce aka sauya wa riga. Duk macen da ta iya auna kafaɗa da ƙugu, ta san a bar rarar ɗinki, ta san yadi mai miƙewa da wanda ba ya miƙewa, to ta riga ta yi rabin karatun. Idan kina son murfi ya shiga bakin kwalba sai kin bar masa 'yar rara, kamar kashi biyu ko uku cikin goma na milimita, in ba haka ba ya cije. Tef ɗin awona bai isa wannan ƙididdiga ba, sai na sayi wani ma'auni mai muƙamuƙi biyu irin na kanikawa, shi ne yanzu ba ya rabuwa da aljihun jakata.

Abin da na fara yi maɓallai ne masu siffar fure na rigunan yara. Daga nan na yi marataya ta jera zarurrukan ɗinki, na yi mamurɗin fankarmu da ya fashe muka shekara muna kunna ta da filaya, na yi ɗan maƙalin da ke riƙe shantar firji. Ku duba gidajenku da kyau, za ku ga yawancin kayan da muke jibgewa a bayan ɗaki lafiyarsu ƙalau, wata 'yar roba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba ta karye, an zagaye Kasuwar Sheikh Gumi da ta Kawo ba a samu irinta ba. Irin wannan gurbi na'urar take cikewa.

Tana da nata halin kuma. Ba ta da sauri ko kaɗan, mamurɗin fanka kaɗai sai ya ci kusan awa ɗaya, babban abu kuwa a kwana ana yi. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sau da yawa sai dai a sake daga farko, shi ya sa na haɗa ta da batirin sola, da yake ko kusa ba ta kai dutsen guga shan wuta ba. Da damina zaren yana shan danshi, ki ji yana ƙara tas-tas a bakin na'urar, aikin ya fito da gashi-gashi. Maganinsa bokitin fenti mai murfi, a zuba 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, sai na ɗinka mata riga da ragowar atamfa. Maigida ya ga haka ya ce, "To, kishiyar tawa har da anko?"

Ana nan ana nan, bara waccan da sanyin asuba Hajiya ta tashi za ta fita tsakar gida sai ta zube. Bakinta ya karkace, maganarta ta sarƙe. Muka kwashe ta sai asibiti, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce da hawan jini ya jawo, kuma gaggawar da muka yi ta taimaka ƙwarai. A nan zan roƙe ku, duk wadda ta ga fuskar tsohonta ta karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta canza farat ɗaya, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe, a nufi asibiti a lokacin. Bayan sati uku aka sallamo mu. Magana ta dawo, ƙafa ta fara takawa da sanda, kafaɗa da gwiwar hannu suna motsi, amma yatsun hannun dama sun ƙi damƙar komai.

Nan fa aka shiga wani hali. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa kai loma baki da hagu ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. 'Ya'yanta mata duk suna gidajen aurensu, ɗaya a Zariya ɗaya a Gusau, sun yi jinyar da za su iya sun koma. Saura ni. Ku kuwa kun san kunyar da ke tsakanin suruka da matar ɗa, balle ɗan fari wanda ko sunansa ba ta faɗa. Idan na durƙusa da kwano na ɗebo cokali, sai ta kau da kai ta ce, "Ajiye 'yar nan, na ƙoshi." Idan jikarta ta ba ta, ta karɓi cokali uku ta ce ya isa. Matar da ta aurar da 'ya'ya shida, wadda tuwon sunan rabin unguwa ya bi ta hannunta, yau ita ake ba abinci a baki. Wata rana na shiga ɗaukar kwano na tarar tana share hawaye da gefen mayafi, na yi kamar ban gani ba na fito.

Cikin wata guda zannuwanta suka fara yi mata yawa. Magungunan da aka ba ta kuma ba a son a sha su da yunwa. Maigida ya daina barci sosai, sai in farka in gan shi zaune a bakin gado ya yi tagumi. Ranar da muka koma wajen likitar gashin ƙashi, na keɓe da ita na gaya mata halin da ake ciki. Ta ce akwai wani mariƙi da ake saƙala wa masu irin wannan lalura a tafin hannu, a soke cokali a jikinsa, ba sai yatsu sun riƙe ba, tunda dai kafaɗa da gwiwar hannu suna aiki. Ta nuna mini hotonsa a wayarta, ta ce sai dai samunsa a nan yana da wuya. Ina ganin hoton gabana ya faɗi, na ce, "Likita, idan na kawo miki irinsa za ki duba mini?" Ta dube ni da mamaki ta ce in kawo.

Saura awo. Ba zan iya zuwa in ce Hajiya miƙo hannu in gwada ki ba, don na san amsar da zan samu. Sai na kwaɓa lalle na shiga da shi, na ce, "Hajiya, na ga hannun naku ya yi fari, ko a ɗan ƙunsa muku?" Ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba ta miƙo. Ina ƙunshi ina zagaya tafin da zare kamar ɗauri nake yi, na ƙulla alama a faɗinsa da kaurinsa. Da na koma ɗaki na shimfiɗa zaren a kan ma'auni na rubuta.

Abin da na zana kamar munduwa ne mai buɗaɗɗen gefe, ya rungumi tafin hannu ta bayan yatsu huɗu, a ƙasansa kuma akwai siririn rami da ƙotar cokalin ƙarfe za ta shige ta zauna daram. Na goge duk wata kusurwa ta zama mai santsi, don fatar da ba ta ji sosai tana iya yin rauni mai ita bai sani ba. Kowanne guda yana cin wajen awa uku. Kamar dai riga, sai da aka yi gwaji. Na farko likita ta ce a ƙara masa rara a wajen gaɓar ɗan ali. Na biyu ta ce a karkato ramin cokalin ya fuskanci baki, saboda wuyan hannun ba ya juyawa sosai. Na uku ta jujjuya shi, ta sa a nata hannun, ta ce, "Wannan ya yi." Na liƙa masa ɗan yadi mai laushi ta ciki.

Ran nan na dafa faten tsaki da yakuwa irin wanda take so, na sa a kwano mai zurfi, na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya zame. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ga wani abu likita ta ce a gwada muku." Na saƙala mata a hannu, na gyara cokalin, na tashi na fita na ja labule, na kuma kori yara daga ƙofar. Ina tsakar gida ina wanke-wanke amma kunnena yana ɗakin. Shiru, shiru, can sai na ji ƙarar cokali a jikin kwano. Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo mini a cikin ruwan wanke-wanken ba.

Da na koma, kwano ya yi rabi, fate ya ɗan zuba a zane, ita kuma tana ta haki kamar wadda ta yi surfe. Ba ta dube ni ba ta ce, "Likita ce ta yi, ko zanzaron naki?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To a ƙaro mini faten, kuma gobe da man shanu nake so." Da dare maigida ya shigo ya tsaya a gaban na'urar ya daɗe, sannan ya ce, "Uwargida, na janye dariyar nan." Yau Hajiya tana cin abincinta da kanta, har yatsu biyu sun fara kamawa saboda motsa hannun da take yi kullum tare da gashin da ake mata. Idan ƙawayenta suka zo dubiya kuwa, ita ke aika yaro ya ɗaga rigar atamfar a nuna musu.

Don kada wata ta ji wannan ta ɗauka komai ake yi da ita, bari in faɗi iyakarta. Robar PLA tana fara laushi tun daga zafin digiri 60, saboda haka ba a wanke ta da tafasasshen ruwa, ba a barin ta cikin mota a rana, ba a kai ta kusa da murhu. Tsakanin sahu da sahu kuma akwai 'yan ramuka da ido ba ya gani inda datti ke maƙalewa, shi ya sa ban yi wa Hajiya cokalin roba ba, mariƙi kawai na yi, abin da ke shiga baki ƙarfe ne. Haka nan ba na yin abin da zai ɗauki nauyin mutum, kuma duk abin da ya shafi jikin mara lafiya sai likita ta gani ta amince. Ɗakin da take aiki a bar taga a buɗe, a kuma hana yara taɓa bakin nan mai zafi.

Inda roba ta gaza kuwa, akwai masu gidan rana. Lokacin bikin ƙanwata na so in sa mata wani abu a kayan ɗaki da babu irinsa a gidan kowa. Na zana ƙaramar tandar waina mai gurbi huɗu, kowane gurbi da siffar zuciya, na buga ta da roba, na goge da sanfefa har ta yi sumul. Maigida ya kai ta Panteka wajen masu zubin tukwanen dalma. Su dama aikinsu ke nan tun kafin a haife mu, su danna samfur a cikin damammiyar ƙasa, su zare shi, su narka alminiyam su zuba a gurbin da ya bari. Ya ce dattijon da ya karɓa ya jujjuya ta ya tambayi wanda ya sassaƙa, da aka ce masa mace ce a cikin gida ta yi, sai ya ce a gaya mata ta riƙa ɗan faɗaɗa bakin gurbin ta sama don samfur ya fita daga ƙasa ba tare da ya rushe ta ba. Na gyara aka mayar, tanda ta fito tana ƙyalli. An ce da safiyar farko da amarya ta yi waina, ango ya ƙi ci sai da ya ɗauki hoto.

Masu tambayata ko ana samun kuɗi, amsa ita ce ana samun na cefane jefi-jefi, daga maɓallai da abin yanka cincin da gyaran 'yan kayayyakin maƙwabta, amma har gobe keken ɗinki ne ke riƙe da ni. Wadda take da sha'awa, shawarata kada ta fara da sayen na'ura. Ta fara koyon zane a kwamfutar gida ko ta wani ɗan uwa, tunda manhajar kyauta ce, ta auna abu guda da ya karye a ɗakin girkinta ta zana shi, ta nemi mai na'ura ya buga mata. Idan ta ga ranta yana so bayan wata biyu ko uku, sannan ta yi shawara da maigidanta a fili, ta kuma tsara lokacinta. Ni dai da an yi isha'i nake rufe kwamfuta, in akwai dogon aiki in bar zanzaro ya yi ta yi shi kaɗai, don miji da yara ba su san wani sahu-sahu ba.

Iyaye kuma, idan kuka ga 'yarku tana kwance rediyo ko tana tambayar yadda aka yi murfin kwalba, a daure a bar ta, a saya mata ma'auni. Babbar 'yata mai shekara goma sha ɗaya yanzu ita ke zana maɓallan, kuma ta fi ni saurin hannu nesa ba kusa ba. Masu jinyar tsofaffi a gida, ina yi muku sannu, ku kuma tambayi likitocin gashi irin 'yan kayan da za su sa mara lafiya ya yi wa kansa abin da zai iya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya bar mu da iyayenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa a wata fitowar.

Taku har kullum, 'yar uwarku daga Hayin Banki, Kaduna.